Wasan Ƙarshe a Filin Kawu

Saura wasa huɗu a gama kaka

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da girmamawa, tare da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar? Direban da ke kai mana saƙo ya ce ya hango ka kana jan tiyo kana ɗingishi, ya ƙwala maka kira sau uku ba ka waiwayo ba. Shi ya sa na haƙura da kiranka a waya. Wancan karon ina tambayar lafiyarka, kai kana ba ni labarin injin yankan ciyawa. Takardar ta fi mana sauƙi.

Mu nan lafiya lau. Cikin mai ɗakina ya shiga wata tara, ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma a asibiti sun ce ba abin damuwa ba ne. Tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Inna maganin ciwon bayan nan ya yi aiki.

Ni ne dai na ɗan samu matsala. A wasan da ya wuce na faɗa kan ƙwallo, ɗan gabansu ya taka mini wuyan hannun dama. Ba karaya ba ce, targaɗe ne. Nakan naɗe shi da bandeji tamau kafin in sa safar hannu, in shiga raga kamar ba komai. Ban nuna wa koci irin zafin da yake yi ba, domin golan da ke jiran gadona a benci wuyansa har ya ƙara tsawo don leƙe. Kwantiragina kuma da kakar nan zai ƙare.

Kawu, ka ga teburin gasa kuwa? Ƙungiya biyu za su faɗa rukuni na biyu. Ɗaya tuni ta yi sallama. Gurbi ɗaya ya rage, kuma daga mu sai ku. Na duba jadawali na sake dubawa: wasanmu na ƙarshe da ku ne, a filinku, a kan ciyawarka. Dariya na yi da farko, daga baya dariyar ta ɗauke. Tun da na bar gida shekara shida ke nan ban taɓa fatan ku yi rashin nasara ba, sai bana. Allah ya sa kafin ranar wani abu ya raba mu, kada a kai ga haka.

Ka riƙa hutar da gwiwar nan. Ciyawa ba za ta gudu ba.

Ɗanka,
Dogo


Daga ɗakin ajiyar kaya, bayan raga

Zuwa ga Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarka ta iso, mun gode Allah da jin kuna lafiya. Allah ya sauki iyalinka lafiya. Innarka jininta ya ɗan hau makon jiya, yanzu ya sauka, har ta koma faɗan da ta saba. Gwiwa kuwa tana nan, ni da ita mun saba, kamar maƙwabcin da ba ya tashi. Ka gaya wa direba ba kurumta ba ce, ƙarar famfo ce.

A kan durom ɗin fentin layi nake rubutun nan, in ka ga fari a gefe kada ka yi mamaki. Na ga teburin, ɗana. Mai wankin riguna yana liƙa mana shi a ƙofa duk ranar Litinin, mu tsaya mu kalla kamar masu duba sakamakon asibiti.

Shekaranjiya manaja ya tara mu, mu tara masu aikin fili. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce in muka faɗa, ƙungiya ba za ta iya riƙe kowa da kowa ba. Mai gadin ƙofa ya cire hularsa ya yi ta juya ta a hannu. Ni shekarata talatin da ɗaya a filin nan. Na san inda ruwa ke kwanciya, na san inda tururuwa ke gida. Ban san me zan yi da safiyata ba in aka ce in zauna. Amma Allah ne mai yi.

Bayan taron na zaga bayan ɗakin nan na tsaya. Nan ne na fara jefa maka ƙwallo, kana da shekara sha ɗaya, watan da mahaifinka ya rasu, 'yar'uwata ta kawo ka da jaka ɗaya. Ba ka magana da kowa, sai na lura duk abin da aka jefo sai ka cafe, har murfin tukunyar Innarka. Na ce to, wannan bakinsa a hannu yake.

Takarda ta kusa ƙarewa. Abu ɗaya nake roƙonka, don na san taurin kanka. Ranar nan ka sassauta hannun nan. Ba sai kowa ya sani ba. Ka ji maganar wanda ya rene ka.

Kawunka


Saura wasa uku

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Na karanta takardarka sau biyar. Na ajiye, na fita, na dawo na sake karantawa, ko idona ne. Ba idona ba ne.

Na san abin da ka yi mini. Ka ciyar da ni, ka sa ni makaranta, safar hannuna ta farko kai ka ɗinke ta da zaren raga. Da ka ce in ba ka albashina gaba ɗaya, wallahi da ban tsaya tunani ba. Da ka ce in bar ƙwallo in dawo in ja maka tiyo, da na duba maganar. Amma in sassauta hannu? In bar ƙwallo ta wuce ni da gangan, mutum goma suna gabana suna zubar da gumi, kowa da iyalinsa? Kai ne ka ɗaga ni daga ƙasa ranar da aka ci ni biyar, ka ce a ci gola ba kunya ba ce, kunya ita ce ya buɗe ƙofa da kansa. Ban zaci zan ji akasin haka daga bakinka ba.

Ba zan gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Amma ba zan yi ba. In mun zo ba zan sauka a gida ba, zan zauna tare da 'yan wasa a masauki. Ka yafe mini.

Dogo


Saura kwana shida

Zuwa ga Dogo,

Ina gaishe ka da kyau, kai da iyalinka. Mu muna nan ƙalau, sai dai tunaninku. Yau kusan mako uku ba mu ji daga gare ka ba. Direbanmu na kullum ba ya zuwa, an ce motarsa tana gareji, wani baƙo ne ke jan layin. Na tambaye shi ko akwai saƙona, ya ce shi bai san ni ba. Shi na ba wannan, Allah ya sa ta isa. Innarka kullum sai ta ce ko haihuwar ce ta zo da gardama. Na ce mata da haka ne da mun ji, mugun labari ba ya jiran mota. Ka dai rubuto ko layi biyu ne.

Addu'arka ba ta karɓu ba, ɗana, tawa ma haka. Kun fi mu da maki ɗaya. Ku canjaras ya ishe ku, mu kuwa sai mun ci. Garin nan ba a maganar komai sai wannan. Mai shayin bakin ƙofa ya ce mini, "Baba, ɗanka fa zai zo, ka ja masa kunne." Na ce masa kunnen ya fi ƙarfin hannuna tun yana da shekara sha biyar, sai na taka kujera.

Na gyara bakin raga duka biyun. Na cike ramukan da yashi, na dasa sabuwar ciyawa, ina ba ta ruwa safe da yamma. Duk inda ka faɗi za ka ji laushi. Innarka ta share ɗakinka, ta wanke labule, ta hana kowa shiga. Ko awa ɗaya ce ka roƙi kocinku ka leƙo.

Kada ka manta da abin da na roƙe ka.

Kawunka


Kwana uku bayan wasa

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Yaya jikinka, yaya Inna? Kafin komai: mai ɗakina ta sauka jiya da hantsi, mace, lafiya lau ita da jaririyar. Yatsunta dogaye ne, ma'aikaciyar asibitin har ta yi magana.

Yanzu ka ba ni haƙurinka ka karanta wannan har ƙarshe.

Takardarka ta biyu ta same ni ranar da za mu taso. Na karanta a mota, na ga ciyawa mai laushi, na ga ɗakin da aka share, na ga layin ƙarshe, sai na ce a raina lallashi ne. Na cusa ta a jaka. Da muka iso na hango ka daga nesa kana jan layin tsakiya, na sunkuyar da kai na shige ɗakin sauya kaya. Don haushi ma na naɗe hannun fiye da kullum, na ja bandejin da haƙori.

Ka ga yadda aka fara. 'Yan wasanku sun zo mana kamar an buɗe dam. Minti ashirin da farawa na daina jin yatsuna. Da aka bugo kwanar nan na tashi na kama, ƙwallo ta zame kamar sabulu, ba don ɗan bayanmu ya share ta a kan layi ba da an gama. Magoya bayanku suka ɗauki waƙa, "Dogo ɗan gida ne! Dogo namu ne!" Kyaftin ɗinmu ya matso har numfashinsa na dukan fuskata, ya ce, "Ka duba rigar da ke jikinka." Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na lokacin ba. Abin da na rantse ba zan yi ba, ga shi hannuna yana neman yi da kansa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, likitanmu ya ce in cire safar. Na ƙi. Ya fizge ta. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Ya ce, "Wane mugu ne ya ɗaure maka hannu haka?" Na ce ni ne. Ya ɗauko almakashi yana yanka yana faɗa: "Kana so ka kashe hannun ne? Ta ina jini zai wuce? Ai targaɗe sassauta masa ake yi, ba shaƙe shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya maka ka sassauta?"

Kawu, ɗakin ya juya mini. Koci yana ta zane a allo, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ni na rubuta maka cewa ina ɗaure shi tamau. Ni na rubuta maka cewa ina ɓoye wa koci. Tun ina yaro kake kwance mini igiyar takalmi kana cewa komai nawa sai na shaƙe shi. An gaya mini, likita, an gaya mini tun mako huɗu. Ni ne na ɗauki maganar na juya ta, na zauna na rubuta wa mutumin da ya rene ni cewa yana neman in sayar da raga. Jini yana dawowa yatsuna kamar ana soka mini allura, hawaye na zuba, kowa ya ɗauka zafin ne.

Sauran ka gani da idonka. Saura minti biyu alƙalin wasa ya nuna fenareti. Mai bugawar na san shi, tare muka taso, na san yana son gefen damata. Shi ma ya san hannun da ke ciwo. Na tsaya a kan sabuwar ciyawarka ina tunani ɗaya: in na tare, aikin Kawu, in ban tare ba, ba wanda zai yarda ban yi da gangan ba, har ni kaina. Sai ya buga, jikina ya tafi tun kafin in gama tunanin. Da tafin hannun daman na ture ta, ta bugi ƙarfe ta fita.

Da aka busa usur na ƙarshe, babu ci, abokaina suka danne ni suna ihu. Ta ƙarƙashin hammatar wani na ga filin ya yi tsit, manya suna kuka a kan benci. Na gan ka ka fito da bokitin yashi ka fara bin ramukan da takalma suka tona, ɗaya bayan ɗaya, kamar wata Talata ce ta yau da kullum. Na so in zo. 'Yan sanda suka kora mu cikin mota don gudun fushin jama'a, ni kuwa har na ji daɗin korar, don ban san da wace fuska zan dube ka ba.

An sabunta mini kwantiragi shekara biyu. Da hannun da ka ceta na sa hannu. Na gode, Kawu. Na gode da shawarar da na ƙi ji, na gode da ciyawar, na gode da shekara goma sha biyu a gidanka. Waccan takardar da na aiko maka, ban san yadda zan janye ta ba. Ka gaya mini me manaja ya ce. Ka gaya wa Inna ban leƙo ba don wauta, ba don raini ba.

Ɗanka,
Dogo


Daga ɗakin ajiyar kaya

Zuwa ga Dogo, uban yarinya,

Barka, barka, barka. Allah ya raya ta, ya ba uwarta lafiya. Innarka da ta ji, sai da ta zaga gidaje huɗu kafin ta tuna ta bar ruwa a wuta. Jininta lafiya, gwiwata lafiya, har na manta da ita kwana biyu.

Direbanmu ya dawo jiya, motar ta fito daga gareji. Ya miƙo mini takarda biyu yana ba da haƙuri, ya ce siririyar ta yi wata guda a aljihun mota tare da sifana, duk ta sha baƙin mai. Na rasa wadda zan fara buɗewa. Innarka ta ce in fara da mai kaurin, mai yawan magana ba ya zuwa da sharri. Na karanta mata a fili. Da na kai wajen likita da almakashi na tsaya, na cire tabarau, muka kalli juna. Ta ce, "Ka ga irin rubutunka ko? Kullum sai ka cika takarda da labarin tururuwa, maganar kirki ka matse ta a gindi."

Gaskiyarta. Na ba ka labarin kora daga aiki, na tuna maka reno, sannan na ce ka sassauta hannu kada kowa ya sani. Ko ni aka aiko wa haka sai na yi zargi. Laifin rabi nawa ne, ka bar mini rabona. Siririyar kuwa ga ta nan cikin ambulan ɗin nan, ban buɗe ba. Ka ce ba ka san yadda za ka janye ta ba. To ga ta. Kuma in har abin da ke ciki shi ne ka ƙi, ni ban ga abin yafewa ba. Da ka amsa da to, da shi ne zan nemi inda zan sa kaina.

Manaja ya kira mu ranar Alhamis. An sallami huɗu. Mai wankin riguna yana ciki, shekararsa goma sha tara a aikin nan, wannan ta taɓa ni ƙwarai. Muna nema masa wuri a wani otal, ka sa shi a addu'a. Ni an ce in riƙa zuwa kwana uku a mako. Manaja ya ce ko a rukuni na goma ake, ciyawa ba ta san teburi ba, sai ta tsiro. Shugabar makarantar da ke bayanmu kuma ta aiko, wai filinsu ya zama kamar garke, ko zan duba musu sauran kwanakin. Na je na gani. Aiki ne na shekara biyu, kuma ina jin daɗinsa tun yanzu. Ka ga Allah bai bar ni da zaman safe ba. Kada ka ɗora wa kanka faɗuwarmu. Wasa talatin da huɗu muka buga, ba kai ka tare mana ƙwallo a sauran ba.

In an yi hutu ka kawo su mu gani. Ka zo da tsofaffin kaya, don inda ka dira ka tone mini rami kamar jaki ya yi birgima, kai za ka cike shi.

Saura magana ɗaya, ban gaya wa ko Innarka ba. Lokacin fenaretin ina tsaye a bakin ƙofar 'yan wasa, ni da mai gadi. Tun safe nake roƙon Allah ya ba mu ci ɗaya tak. Shekara talatin da ɗaya ina cin abincin ƙungiyar nan, rigarta ce a jikina, aikina yana kan ƙafar yaron nan mai bugawa. Ya ja da baya, ya taho da gudu. Sai kawai na ji wani tsoho ya ƙwala ihu da dukan ƙarfinsa, "Kama, Dogo!"

Na waiwaya in ga wane maci amana ne. Mai gadi ni yake kallo.

Yau kwana tara ba ya amsa gaisuwata. Zai huce.

Kawunka